Sarki Husaini na Jodan, sarkin da ya gaisa da kumbo

An haifi Husaini a Amman a 1935. Yana shekara 15 aka harbe kakanshi, Sarki Abdullahi, a gaban idonshi a Masallacin Ƙudus. A 1952 ya zama sarki. Duk da yaƙe-yaƙe da masu neman ranshi, in ya samu sarari sai ya zauna gaban radiyonshi mai kamar oba-oba, yana hira da talakawan ƙasashe da lambar kira JY1. A Disamban 1983, ɗan sama jannatin Amurka Owen Garriott na kewaya duniya cikin kumbon Columbia, Husaini ya kira shi, suka gaisa. Ya rasu ran 7 ga Fabrairun 1999. Allah ya jiƙan shi.