Bishof Coleridge da Guguwar Barbados

An haifi William Hart Coleridge a Ingila a shekara ta 1789. A 1824 aka naɗa shi bishof na fari na Barbados, wani ƙaramin tsibiri a tekun Karibiyan. Yawancin mutanen wurin a lokacin nan bayi ne masu noman rake, asalinsu kuwa daga Afirka ta Yamma. Da isarsa ya kama gina majami'u, yana buɗe makarantu domin 'ya'yan bayi, ko da yake masu gonaki da yawa ba su so haka ba.

A cikin watan Agusta 1831, da dare, babbar guguwa ta faɗa wa tsibirin. Mutum wajen 1,500 suka mutu, gidaje suka rushe, majami'u da yawa suka zama kango. Wahalar shekara shida ta lalace a dare ɗaya. Amma bai fid da zuciya ba, bai kuwa koma gida ba. Ya zauna tare da jama'arsa, ya nemi gudummawa wurin masu bi na Ingila, aka sāke gini.

Ya ajiye aikin a 1842, ya rasu a 1849. A 1855 ikilisiyar nan da guguwa ta rushe ta aiko da masu wa'azin bishara zuwa kogin Pongo, a ƙasar Gini.

'Yan'uwa, mu ma idan iska ta kwashe jinkar majami'armu, kada hannuwanmu su yi sanyi. Mu tashi mu sāke ɗorawa, gama aikin na Ubangiji ne.