Shehu Ahmad Baba na Tumbutu: Malamin da Bai Yanke Ƙauna Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun zaɓi mu kawo muku tarihin Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, Allah Ya jiƙansa. Dalilin zaɓen shi ne abin da muke ji daga bakin samari da magidanta idan mun zauna da su bayan salla. Wani ya fara karatu, rashin hali ya katse shi. Wani ya gama, takarda tana hannu, aiki bai samu ba. Wani ya tara jari shekara da shekaru, gobarar kasuwa ta cinye shi dare ɗaya. Wani ya tafi ci-rani, ya komo hannu rabbana. Da yawansu sun ɗauka cewa nasu ya ƙare. Saboda haka munka ga ya dace mu duba rayuwar wani bawan Allah da anka raba shi da gidansa da littattafansa da ƴancinsa a shekara guda, amma ba a iya raba shi da abin da ya sa gaba ba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Ahmad Baba a shekara ta 1556, wadda ta yi daidai da 963 ta Hijira, a Arawan, wani gari cikin hamada arewa da Tumbutu, a ƙasar Mali ta yau. Zamanin nan Tumbutu tana ƙarƙashin daular Songai, wadda sarakunanta, Askiyoyi, ke zaune a Gawo. Gidansu, gidan Aƙit, gida ne na ilimi da alƙalanci, kuma alƙalan Tumbutu na wancan ƙarni daga cikinsa sunka fito. Ya fara karatu a gaban mahaifinsa da baffanninsa, sa'an nan ya lizimci babban malaminsa, Shehu Muhammad Bagayogo, mutumin Jenne, fiye da shekara goma.

A wurin Bagayogo ya karanta Muhtasar na Halil, da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da littattafan hadisi da na nahawu. Wanga malami ya shahara da haƙuri da ɗalibi mai nauyin fahimta, da kuma ba da aron littattafansa masu tsada ga duk wanda ya nema, ko da bai san shi ba. Ahmad Baba ya ɗauki halin nan na son ilimi da son yaɗa shi. Tun yana Tumbutu ya fara wallafa littattafai, cikinsu har da wanda ya rubuta yana gargaɗin malamai game da kusantar azzaluman masu mulki. Kuma ya ƙulla wani babban buri a zuciyarsa: ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya waɗanda Ibn Farhun, malamin Madina, bai ambata ba a littafinsa Addibaj, da waɗanda sunka zo bayansa, domin kada sunayensu da ayyukansu su ɓace. Ya fara aikin, bai kai ga gama shi ba sai jarrabawa ta zo.

Jarrabawa

A shekara ta 1591, sarkin Maroko, Ahmad Almansur, ya aiko da runduna ta ƙetaro hamada ƙarƙashin Judar Basha, saboda kwaɗayin zinariya da gishirin ƙasar Songai. Rundunar ba ta da yawa, amma tana da bindigogi. Anka gwabza a Tondibi, kusa da Gawo, rundunar Askiya Ishaƙ na biyu ta karye, Tumbutu ta faɗa hannun baƙi. Malaman gidan Aƙit ba su yarda da wannan mamaya ba, domin Musulmi ne ya yaƙi Musulmi ba bisa haƙƙi ba. A watan Oktoba na 1593, Basha Mahmud ya sa anka tara su a masallacin Sankore, anka kama su, anka kashe waɗansu daga cikin mutanensu, anka washe gidajensu.

Ahmad Baba yana da shekara 37 a lokacin. An kwashe masa littattafai 1600, kuma shi da kansa ya ambata cewa nasa ne mafi ƙaranci a cikin danginsa. Mu tuna, ƴan'uwa, zamanin nan babu injin buga littafi a ƙasashenmu. Kowane littafi da hannu anka kwafe shi, ko kuwa raƙumi ya ɗauko shi daga Masar ko Fas, kuma wani littafin ba a sake samun irinsa. A watan Maris na 1594 anka tasa ƙeyarsu cikin mari, maza da mata da yara, zuwa Marakish, tafiyar kimanin wata biyu cikin hamada. A hanya ya faɗo daga kan raƙumi, ƙafarsa ta karye. Da sunka isa anka tsare su shekara biyu. Alƙalin Tumbutu, Umar ɗan Mahmud, dattijon gidan, a can ya rasu.

A watan Ramadan na 1004, wato 1596, anka sake su, bisa sharaɗin ba za su bar Marakish ba. Marubutan tarihin Maroko sun ruwaito cewa da anka shigar da Ahmad Baba wurin sarki, ya tarar yana magana da mutane ta bayan labule. Sai ya ƙi yin magana a haka, ya tunatar da shi cewa magana ta bayan shamaki Allah Ya keɓe ta ga kansa. Sarki ya fito fili. Sa'an nan Shehu ya tambaye shi hujjarsa ta washe masa dukiya da littattafai da kawo shi cikin mari. Sarki ya kawo uzurin haɗa kan Musulmi, Shehu kuwa ya tambaye shi me ya hana ya fara da Turkawan Tilimsan, waɗanda sunka fi kusa da shi. Wannan yana nuna mana cewa tsarewar shekara biyu ba ta karya masa zuciya ba.

Aikinsa a baƙunta

Ga mutum ɗan shekara 40, ba gida, ba dukiya, ba littattafai, ba izinin tafiya, kuma babu wanda ya faɗa masa ranar da zai koma. Da ya zauna yana lissafin abin da ya rasa, da babu mai zarginsa. Amma bai jira a mayar masa da littattafansa ba, bai kuma jira ya koma Tumbutu ba. Ya nemi littattafai a inda yake, ya koma kan aikin da ya faro, kuma kafin shekara ta 1596 ta fita ya kammala littafinsa Nailul Ibtihaj, mai ɗauke da tarihin malamai kimanin 800. Wato a shekarar da anka sake shi, a cikinta ya cika burin da ya ɗauko tun daga gida. Bayan shekara bakwai, a 1603, ya taƙaita shi ya yi masa gyara a wani littafi mai suna Kifayatul Muhtaj.

Wanga littafi ya shafe mu kai tsaye. A cikinsa akwai tarihin Shehu Almagili, wanda ya zauna Tagidda da Kano da Gawo, da na Shehu Alaƙib na Anu Samman, malamin yankin Tagidda, cikin ƙasarmu Nijar ta yau, da na malaman da sunka karantar ko sunka yi alƙalanci a Katsina da Kano. A cikinsa ne kuma ya rubuta tarihin malaminsa Bagayogo, har ya lissafa shi a matsayin mujaddadin ƙarni na goma. Abdurrahman Assa'adi, mai littafin Tarihus Sudan, daga rubutunsa ya ɗebo labarin malaman Tumbutu. Da Ahmad Baba ya yanke ƙauna a Marakish, da abu mai yawa na tarihin malamanmu ya tafi.

Ban da wallafa, ya zauna karantarwa a masallacin Sharifai na Marakish. Yana karantar da fiƙihu da hadisi da nahawu, zaurensa ya cika, har alƙalai da masu fatawa sunka riƙa zama gabansa. Cikin waɗanda sunka karɓi ijaza daga gare shi akwai Almaƙƙari, mai littafin Nafhuɗ Ɗib. Tambayoyin fatawa sunka riƙa zo masa, yana amsawa. Wanda anka shigo da shi birnin cikin mari, shi ne ya zama malamin malaman birnin.

Duk da wannan ɗaukaka, zuciyarsa ba ta bar Tumbutu ba, har ya yi waƙa ta begen garin da mutanensa. Sarki Almansur ya rasu a 1603 cikin annoba, ƴaƴansa sunka shiga rikicin gadon sarauta, Shehu ya ci gaba da jira yana aikinsa. Daga baya Maulaya Zaidan, ɗan Almansur, ya ba shi izinin tafiya. Ya iso Tumbutu a 1608, bayan shekara 14 rabonsa da ita. Yawancin malaman da anka kwashe tare da shi an binne su a Marakish. Malaminsa Bagayogo ya riga ya rasu. Garin yana hannun Bashoshi, ba kamar yadda ya san shi ba. Bai ce lokaci ya wuce ba, sai ya shimfiɗa buzunsa ya ci gaba da karantarwa.

A 1615, yana dab da shekara 60, mutanen Tuwat sunka aiko masa da tambaya game da bayin da ake kaiwa arewa daga ƙasashen baƙar fata. Ya amsa musu da littafin Mi'irajus Su'ud. Bai fita daga hukuncin bauta na fiƙihun zamaninsa ba, amma ya bayyana cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya rushe tatsuniyar da ke jingina bauta ga launin zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kuma lissafa al'ummomin da Musulmi ne, waɗanda bai halatta a mallake su ba. Cikinsu ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songai. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri su sani, wanga malami ya tsaya da alƙalaminsa yana kare ƴancin kakanninsu. Wanda ya ɗanɗani mari shi ya san zafinsa.

Allah Ya karɓi ransa a Tumbutu a watan Sha'aban na 1036, wato Afrilu na 1627, yana da kimanin shekara 71. Ya bar littattafai fiye da 40. Cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce da anka buɗe a Tumbutu a 1973 sunansa anka sa mata.

Abin da za mu ɗauka

Ya ku ƴan'uwa, malamai sun bambanta tsakanin kyakkyawan fata da burin banza. Mai kyakkyawan fata shi ne wanda ya yi aikin da ke hannunsa sa'an nan ya sa rai ga Allah. Mai burin banza shi ne wanda ya naɗe hannu yana jira. Manomanmu sun san wannan, domin wanda ke yin binne yana zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Ba shi da iko da ruwa, amma yana da iko da shuka. Irin fatan Ahmad Baba ke nan. Komawa gida ba ta hannunsa, sai ya bar ta ga Allah shekara 14. Rubutu da karantarwa suna hannunsa, bai bar su ba ko shekara guda bayan sakinsa.

Abu na biyu, abin da ya riƙe shi shi ne yana da aikin da yake so da gaske, kuma aikin yana amfanar mutane. Da burinsa tara littattafai ne kawai, da ya ƙare ranar da anka washe gidansa. Amma burinsa ilimi ne da isar da shi, wannan kuwa yana cikin ƙirji, soja ba ya iya ɗora shi kan raƙumi. Kowa ya tambayi kansa: mene ne abin da Allah Ya sa mini sonsa, wanda kuma jama'a za su amfana da shi? Ko karatu ne, ko noma, ko kiwo, ko ɗinki, ko ƙira, ko fatauci na gaskiya, idan niyya ta yi kyau duk ibada ne. Wanda ya san abin da yake nema, asara tana jinkirta shi, ba ta tsayar da shi.

Abu na uku, kada mu yaudari kanmu. Ba duk abin da ya rasa ne ya dawo masa ba. Danginsa da sunka rasu a baƙunta ba su komo ba, daular Songai ba ta sake tashi ba, Tumbutu ba ta koma yadda take ba. Kyakkyawan fata ba alkawari ba ne cewa jiya za ta dawo. Yaƙini ne cewa Allah ba Ya tozarta aikin mai aiki, kuma Yana iya buɗe ƙofa a inda ba a zata ba. Cikin Suratu Yusuf, Annabi Yaƙub, bayan shekaru na rabuwa da ɗansa, ya hana ƴaƴansa yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma a lokaci guda ya umurce su da su tashi su tafi nema. Fata da nema tare suke tafiya.

Saboda haka muna kira ga wanda karatunsa ya katse, ya koma zauren malami ko makarantar dare, ko da furfura ta fara fito masa. Wanda jarinsa ya karye, ya sake farawa da tire ko da teburi, ba abin kunya ba ne. Wanda ke riƙe da takarda babu aiki, ya koyi sana'a, ko ya tara yaran unguwa ya karantar da su kafin Allah Ya kawo buɗi. Iyaye kuma da masu hali, ku zama kamar Bagayogo, ku ba da aron littafi, da kayan aiki, da kyakkyawar magana, domin da yawa cikin samarinmu abin da ya rage musu ke nan su tashi.

Allah Ya jiƙan Shehu Ahmad Baba da malamansa, Ya gafarta ma iyayenmu da malamanmu, Ya tsare zukatanmu daga yanke ƙauna, Ya sa albarka cikin neman kowane mai nema na halal, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.