Sidney Farber (1903–1973): Mafarin Maganin Sankarar Jini da Illarsa ga Hanji

An haifi Sidney Farber ranar 30 ga Satumba, 1903, a birnin Buffalo na Amurka. Ya fara karatun likitanci a Jamus, sannan ya kammala a Jami'ar Harvard a 1927. A 1929 ya zama likitan binciken cututtuka a Asibitin Yara na Boston, inda aikinsa ya ta'allaƙa ga nazarin jini da tsoka a ɗakin gwaji.

A wancan zamani, yaron da sankarar jini mai tsanani ta kama da wuya ya wuce 'yan watanni a raye. Farber ya gwada bai wa wasu yara magungunan da aka samo daga sinadarin folik, wani nau'in bitamin, sai cutar ta ƙara haɓaka. Daga wannan kuskure ya fahimci cewa in har sinadarin yana ciyar da cutar, to hana ta shi zai iya raunana ta. Yellapragada Subbarow, masanin sinadarai ɗan Indiya da ke kamfanin Lederle, ya samar masa da aminofterin, maganin da ke toshe aikin folik. A Yunin 1948 Farber da abokan aikinsa suka wallafa cewa yara goma cikin goma sha shida sun samu sauƙi na ɗan lokaci. Ba a taɓa ganin magani ya janye wannan cuta haka ba.

Sai dai maganin ba ya bambance ƙwayoyin sankara da lafiyayyun ƙwayoyin jiki masu saurin yaɗuwa. Shimfiɗar cikin hanji, wadda ke sabunta kanta cikin kwanaki kaɗan, tana daga cikin na farko da yake lalatawa, tare da fatar cikin baki da ɓargo. Farber bai ɓoye wannan illa ba, domin ya ambaci gyambon baki a rahotonsa. Haɗarin ya fi tsanani ne idan shimfiɗar hanji ta sallace: bakteriyar da ke zaune cikinsa lami lafiya kan samu kafar shiga jini, a daidai lokacin da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki suka yi ƙaranci. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa magungunan sankara da na kashe ƙwayoyin cuta suna rage yawan nau'o'in bakteriyar hanji masu amfani.

Ganin wahalar da yaran ke sha, Farber ya dage kan cikakkiyar kulawa, wadda ta haɗa magani da abinci da jinya da tallafa wa iyali a wuri guda. Ya rasu a ofishinsa ranar 30 ga Maris, 1973. A yau mafi yawan yaran da ke fama da nau'in sankarar da ya yaƙa suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma kare hanjinsu daga maganin da ke ceton ransu aiki ne da ya bar wa na baya.