Harold Stephen Black

Harold Stephen Black (14 ga Afrilu, 1898 – 11 ga Disamba, 1983) injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da ƙirƙiro hanyoyin da na'urar ƙara ƙarfin sigina za ta yi aikinta ba tare da ta jirkita saƙon ba, abin da ake amfani da shi har yau a hasumiyoyin wayar salula da na'urorin maimaita sigina.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a garin Leominster da ke jihar Massachusetts. Ya kammala digiri a fannin injiniyan lantarki a Kwalejin Fasaha ta Worcester a shekarar 1921, ya kama aiki da kamfanin Western Electric a wannan shekarar. A 1925 ya koma cibiyar bincike ta Bell Labs, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1963.

Aiki

A wancan zamani, murya tana raunana idan ta yi tafiya mai nisa a layin tarho, don haka akan jera na'urorin maimaitawa a kan hanya domin su ƙara mata ƙarfi. Sai dai kowace na'ura tana ɗan gurɓata muryar, gurɓatar kuma tana taruwa daga wannan zuwa waccan, har maganganun da ke bin layi ɗaya su riƙa kutsawa cikin juna. Wannan matsala aka ɗora wa Black.

A 1923 ya fito da dabararsa ta farko: a kwatanta abin da ya shiga na'urar da abin da ya fito, a ware kuskuren shi kaɗai, a ƙara masa ƙarfi da wata na'ura ta biyu, sannan a debe shi daga saƙon. Dabarar ta yi aiki, amma kayan lokacin suna bukatar a yi ta saita su.

A ranar 2 ga Agusta, 1927, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson kan hanyarsa ta zuwa ofis, wata dabarar ta faɗo masa, ya zana ta a shafin jaridar New York Times. Ita ce a ɗebi wani kaso na siginar da ta fito, a juya ta, a mayar da ita mashigar na'urar. Ƙarfi yana raguwa, amma gurɓata ma tana raguwa ƙwarai. Ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1928, ba a ba shi ba sai a watan Disamba na 1937, saboda masu tantancewa sun yi shakkar cewa abin zai yiwu. A 1932 abokin aikinsa Harry Nyquist ya fitar da ƙa'idar lissafi da ke nuna lokacin da irin wannan na'ura za ta ɓarke da kuwwa, kamar makirufo da aka kusanta da lasifika.

Tasiri

Dabararsa ta 1927 ta zama ginshiƙi a kayan lantarki, daga rediyo zuwa na'urorin sarrafa injuna. Ita kuwa ta 1923 ta sake samun karɓuwa a harkar salula, inda na'ura ɗaya ke ƙara wa tashoshi da yawa ƙarfi a lokaci guda. A 1981 aka sanya sunansa a zauren karrama masu ƙirƙira na Amurka.

Mutuwa

Ya rasu a garin Summit na jihar New Jersey yana da shekara 85.