Nils Finsen, likitan da ya yi magani da haske

An haifi Nils Finsen ran 15 ga watan Disamba 1860 a Torshawan, babban garin tsibiran Faro, can arewacin Turai. A ƙasar nan, in sanyi ya shigo, rana ba ta daɗewa bisa. Ubansa ma'aikacin gwamnati ne. Da farko Nils bai yi ƙoƙari a lakkol ba, har malamansa suka zaci ba zai yi nisa ba. Sai aka maida shi wata makaranta a ƙasar Islanda. A shekara ta 1882 ya tafi Kopenhag, babban birnin Danmak, don ya koyi aikin likita. Ya gama a 1890.

Tun yana ɗalibi wani ciwo ya kama shi. Jininsa ya ragu, kullum yana cikin gajiya. Ɗakinsa yana duban arewa, rana ba ta shiga. Ya lura in ya zauna cikin rana jikinsa yakan yi daɗi. Daga nan ya fara binciken abin da haske yake yi wa jikin mai rai.

A 1893 ya ce in an sa mai ciwon agana cikin ɗakin da jan haske kaɗai ke shiga, ƙurajen ba su cika barin tabo ba.

Babban aikinsa ya zo a 1895. A wancan zamani akwai wata muguwar cuta a Turai. Ƙwayar tarin fuka ce take shiga fata, ta cinye hanci da kumatu sannu a hankali. Masu ita sukan rufe fuska don kunya. Finsen ya san akwai wani haske cikin rana wanda ido ba ya gani, amma yana kashe ƙwayoyin cuta. Sai ya haɗa wata fitila ta lantarki mai ƙarfi. Gilasai suna tara hasken wuri guda, ruwa kuma yana shanye zafin don kada fata ta ƙone. Ya gwada wa wani injiniya da ya yi shekaru yana fama da cutar. Bayan ƴan watanni, mutumin ya warke.

A 1896 aka buɗe masa gidan magani a Kopenhag. Marasa lafiya suka riƙa zuwa daga ƙasashe dabam-dabam. Ma'aikatan jinya suna danna gilashi bisa gyambon don jini ya kauce, haske ya shiga sosai. Ɗaruruwan mutane suka samu lafiya.

A 1903 aka ba shi kyautar Nobel. Jikinsa ya yi rauni ƙwarai, yana bisa keken marasa lafiya, bai iya zuwa amsar kyautar ba. Ya ba da yawancin kuɗin don aikin magani. Ya rasu ran 24 ga Satumba 1904, yana da shekara 43.

Daga baya an samu magungunan tarin fuka, aka bar fitilarsa. Amma hanyar da ya buɗe tana nan. Yau likitoci suna shafa wani magani bisa fatar da rana ta ɓata, su haska ta da jan haske ko shuɗi. Wurin da ya lalace sai ya mutu kafin ya zama sankara. Rana mai yawa tana ɓata fata, musamman ta zabiya. Don haka ya kamata zabiya ya sa malafa da riga mai dogon hannu, ya zauna cikin inuwa da tsakar rana.

Tambayoyi
1. Mi ya sa Finsen ya fara binciken haske?
2. Mi ne ne amfanin ruwa cikin fitilarsa?
3. Ƙaƙa zabiya zai kare fatarsa daga rana?