Fritz Haber: Mutumin da ya samar wa duniya taki, ya kuma kawo iskar guba fagen yaƙi

Duk manomin da ya taɓa zuba takin zamani a gonarsa ya ci moriyar aikin Fritz Haber, ko bai taɓa jin sunansa ba. Amma sunan nan dai shi ne ke fitowa idan ana maganar iskar gubar da ta halaka sojoji cikin ramuka a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

An haife shi ranar 9 ga Disamba 1868 a Breslau, garin da a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuma yana ƙasar Polan. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifiyarsa ta rasu 'yan makonni bayan haihuwarsa. Ya karanta ilimin sinadarai, daga baya ya koma Kirista, kamar yadda Yahudawan Jamus da dama suka yi a zamanin.

A 1909, yana koyarwa a Karlsruhe, ya nuna yadda za a ɗebo naitirojin daga iskar da muke shaƙa a haɗa shi da haidirojin a samu amoniya, wadda ita ce tushen takin zamani. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da dabarar babbar masana'anta a 1913. Kafin nan, Turawa sai sun sayo gishirin taki daga Chile.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sojoji suka haƙa ramuka daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tsawon kusan kilomita 700. A ciki suke kwana su tashi, ga taɓo, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga sanyi, ƙafafun wasu har ruɓewa suke yi saboda jiƙa. Tsakanin ramukan ɓangarorin biyu akwai waya mai ƙaya, wanda duk ya leƙo kuma bindiga mai ruwan harsashi na jiransa. Ingila ta tare hanyar teku, gishirin Chile ya yanke wa Jamus, sai amoniyar Haber ta zama abin haɗa nakiya da albarushi.

Bai tsaya nan ba. Ya ba wa sojan Jamus shawara a saki iskar kulorin, wadda ta fi iska nauyi, don haka takan gangara cikin rami ta zauna. Ranar 22 ga Afrilu 1915, kusa da garin Ypres na Beljiyam, aka buɗe tulunan ƙarfe sama da 5,000, Haber da kansa yana wurin. Hayaƙi kore-kore ya nufi ramukan sojojin Faransa, cikinsu har da 'yan Aljeriya da aka kwaso daga ƙasar mulkin mallaka. Ba su da abin rufe fuska. Kulorin yakan ƙona huhu, ruwa ya taru a ciki, mutum ya shaƙe yana kan tudu.

Matarsa Clara Immerwahr, mace ta farko da ta samu digirin digirgir a ilimin sinadarai a Jami'ar Breslau, ta harbe kanta da bindigarsa ranar 2 ga Mayu 1915. Ba a jima ba ya wuce fagen yaƙin gabas ya ci gaba da aikinsa. Shi a ganinsa, gubar za ta gaggauta ƙarewar yaƙin. Ina! Ingila da Faransa su ma suka haɗa tasu, aka fito da masu muni fiye da kulorin, yaƙin ya kai 1918.

An ba shi lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1918 saboda amoniya, masana da yawa suka yi tir da hakan. Ya kwashe shekaru yana neman tace zinariya daga ruwan teku don Jamus ta biya tarar yaƙi, abin bai yiwu ba.

A 1933 'yan Nazi suka hau mulki, suka umarce shi ya kori ma'aikatansa Yahudawa. Canza addininsa da hidimar da ya yi wa Jamus duk ba su cece shi ba, ya ajiye aiki ya bar ƙasar. Ya rasu a wani otal a Basel ranar 29 ga Janairu 1934, ciwon zuciya ya ɗauke shi. Bayan mutuwarsa, 'yan Nazi suka yi amfani da Zyklon B, maganin ƙwari da ya samo asali daga binciken cibiyarsa, wajen kashe Yahudawa, har da wasu danginsa.