Marigayi Malam Aminu Kano: Daga Dandalin Wasan Kwaikwayo Zuwa Jagorancin Talakawa

A filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar marigayi Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa da rahama. Kowa ya san shi da siyasar NEPU da PRP, amma kaɗan ne suka san cewa dandalin wasan kwaikwayo ya fara hawa tun kafin ya hau na siyasa. Abin da ya sa muka ɗauko wannan ɓangare shi ne gardamar da ba ta ƙarewa a unguwa tsakanin iyaye da samarinmu masu shirya wasa ranar walimar Islamiyya ko lokacin hutun Salla. Wasu iyayen na ganin shiririta ce, yaran kuwa na ganin hanyar gyara ce. To, ga tarihin wanda ya riga su shiga wannan rigima.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga watan Agusta, 1920. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, na zuriyar Fulani Genawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun Alƙalin Kano, mahaifiyarsa kuwa Malama Rakiya, ita ma mai karatu ce. Saboda haka da allo ya buɗe ido, kamar kowane ɗan gidan malamai. Bayan haka aka sa shi makarantar Shahuci a 1930, ya wuce Midil ta Kano a 1933. Tun a Midil aka gane yaron ba mai haɗiye magana ba ne, domin yana cikin jagororin ɗaliban da suka yi bore a kan ƙarancin sabulu da rashin kyan abinci. A 1937 ya shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, ita ce yau ake kira Barewa a Zariya. Ya gama a 1942 da takardar koyarwa.

Yadda ya shiga wasa

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da tashe da azumi, akwai wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa, ga 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna ba mutane dariya. Abin da boko ya kawo shi ne a zauna a rubuta wasa a takarda, a raba wa kowa nasa, a haddace, sa'an nan a fito gaban jama'a. A kwalejin nan Malam Aminu ya kama wannan hanya, ya kuma ga za ta yi aikin da ya wuce ban dariya.

Wajen 1938 zuwa 1939 ya rubuta wasan da ya sa wa suna Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Mu 'yan kasuwa wannan a kanmu yake, ba sai an yi mana fassara ba. Wasan ya nuna yadda mutumin ƙauye ke shigowa birni da ɗan abin da ya noma, marasa tsoron Allah su yi masa rubdugu su cuce shi, ya koma gida hannu rabbana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tudun Hatsi lokacin kaka ya ga manomi ya sauke buhunansa dillalai sun kewaye shi, ya san maganar ba ta tsufa ba. Mudun saye daban, mudun sayarwa daban, cuta ce da Alƙur'ani ya yi mata sura guda, amma har yau ba mu rabu da ita ba.

Wasa na biyu da aka fi tunawa shi ne Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Shi kuma a kan haraji ya yi shi, yadda ake ɗora wa talakan karkara abin da ya fi ƙarfinsa, masu karɓa kuma su yi yadda suka ga dama. Daga 1939 zuwa 1941 ya rubuta gajerun wasanni kusan 20 domin 'yan makaranta, yana zolayar al'adun da suka zama wa mutane kaya, yana kuma taɓa halin ma'aikatan En'e. Ku tuna fa, a lokacin nan bai wuce shekara 21 ba.

Daɗi da wuyar abin

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Na farko dai, a idon mutanen wancan zamani mai tsayawa gaban taro yana kwaikwayon wani bai da maraba da maroƙi ko ɗan kama, kuma wannan ba sana'ar ɗan alƙali ba ce. Na biyu, makarantar ta maza ce zalla, babu kuɗin shiga babu lada, wasa kuma sai an saci lokaci daga karatu ake shirya shi. Na uku, wanda ya fi duka, waɗanda ake zolaya su ne masu iko da ƙasa. En'e ce ke da kotu, ita ke da 'yan doka da gidan yari, ita ke ba ɗan makaranta aiki in ya gama. Yaron da ya fito ya kwaikwayi mai karɓar haraji har jama'a suka yi dariya, ya san da abincinsa yake wasa.

Daɗin abin kuwa shi ne, maganar da ba ta faɗuwa a zaure tana faɗuwa a wasa. Wanda aka yi domin shi zai yi dariya tare da kowa, sai ya koma gida abin ya riƙa cin sa. Wanda bai iya karatu ba kuma yana ganewa sarai, ba ya bukatar jarida. Wani rashin daɗin shi ne, wasannin nasa ba su samu shiga ɗab'i ba yadda Wasan Marafa na Abubakar Tunau ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi suka samu, don haka yau sunayensu da labarin abin da ke cikinsu aka fi sani. Littafinsa da ya yaɗu a makarantu shi ne Motsi Ya Fi Zama, shi kuwa labarin tafiya ne.

Zamansa a Bauchi

A 1942 aka turo shi koyarwa Midil ta Bauchi. Wannan ya shafe mu, domin a lokacin Gombe tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, ba ta zama jiha ba sai ranar 1 ga Oktoba, 1996. A can ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. Bai tsaya ga allo da alli kaɗai ba, ya ci gaba da shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo da muhawara da aikin sikawut, har ya zama malamin da yara ke so, manya kuma ke sa wa ido.

A nan ne aka kafa majalisar tattaunawa ta Bauchi a 1943, inda 'yan boko da ma'aikatan En'e da Turawa ke zama ana muhawara. Malam Aminu na cikin masu ɗaukar nauyinta. Tambayoyinsa suka yi zafi, har ya kai ga tambayar ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe majalisar. A 1946 aka tura shi Jami'ar Landan ƙarin ilmin koyarwa na shekara guda. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, sa'an nan aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato.

Babban dandali

Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa NEPU a Kano. Kafin shekarar ta ƙare Malam ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa ya rungumi siyasa, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar. Waɗanda suka ji laccarsa sun shaida cewa da Hausar kasuwa yake magana, da misali da ban dariya da aya da hadisi, har tsohuwa ta gane inda aka dosa. Duk wanda ya san tarihinsa zai ga hannun tsohon mai shirya wasa a ciki.

Wuyar da ya ɗanɗana a makaranta kuwa ashe somin taɓi ce. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, sun sha duka a hannun 'yan banga, wasu sun bar garuruwansu dole. Zaɓe bayan zaɓe yana faɗuwa, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Legas. Zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, daga baya na lafiya har 1974. Duk da haka bai bar karantarwa ba, yana tafsiri, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa makarantun Islamiyya masu aji a Kano, irin waɗanda da yawanmu muka yi. Ya kuma dage a kan ilmin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a.

A 1978 ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci Kano da Kaduna. Da hawan Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Ku lissafa, jama'a: shekara 40 ke nan tsakanin wasan da ɗan makaranta ya rubuta a kan haraji da ranar da aka sauke wa talaka shi. Sai dai daɗin bai daɗe ba, jam'iyyar ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, almajiransa na jiya suka ja daga da shi. Wannan ya ci masa rai a ƙarshen rayuwarsa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Lahadi 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, ana shirin zaɓen wannan shekara. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yau ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Mutumin da ya yi minista shekara bakwai bai bar dukiyar a zo a gani ba. Yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na can sunansa suke ɗauke da shi.

Abin da za mu ɗauka

Gare mu iyaye, in yaro ya ce zai shiga wasa, kafin a ɗaga masa murya a tambaye shi me wasan ke cewa, da wa zai yi, ƙarfe nawa zai dawo gida. In zai yiwu a je a gani da ido. Gare ku samari, ku lura Malam bai bar karatu don wasa ba, kuma bai yi wasa don a san fuskarsa ba. Yanzu kowa da wayarsa, ɗaukar hoto ya zama ruwan dare, amma abin faɗa ne ya yi ƙaranci. Ga tauye mudu, ga tsadar aure, ga shaye-shaye, ga kwatar da ke cikewa kowace damina, duk a ƙofar gidajenmu. Ku rubuta wasanninku a takarda ku adana, ku kiyaye mutuncin mutane da dokokin addini, kada ku kama sunan kowa. Mu kuma 'yan kasuwa, in an kwaikwaye mu muka ji zafi, mudunmu za mu duba tukuna.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya kai haske kabarinsa, ya shirya mana zuriya, mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.